Mai Harsashi Kamar Ƙwayar Gyaɗa

Daren Laraba a Agege, an ɗauke wuta,
janareton maƙwabci na tari kamar tsohon mashayin taba.
Lantana ta baje kayanta a tabarma:
tanti, gidan sauro, garin kwaki a leda,
da littafin da take rubuta sunayen tsuntsaye.
Jibi za su shiga dajin Epe,
kwana tara a fadama, ɗalibai shida da malaminsu.

Ta ce, "Baba, da doka ta yarda,
wace bindiga za ka zaɓa mini?
Ba doguwa ba, mai karya kafaɗa.
'Yar ƙarama nake nufi,
mai harsashi kamar ƙwayar gyaɗa,
in ɗaura a ƙugu, in manta da ita."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Shekara talatin da ɗaya na yi cikin kaki,
na riƙe masu nauyi, na riƙe marasa nauyi,
ranar sallama na miƙa tawa, aka ba ni takarda.

Na ce, to, tunda hira ce, saurara.
Akwai mai ganga, tana juyi kamar dutsen niƙa,
ko ta sha laka ba ta cijewa.
Akwai siririya, ta fi kyan gani,
amma shagwaɓa gare ta,
kullum a shafa mata mai, a goge,
ga iskar Ikko mai gishiri
da ke cin ƙarfe kamar gara ta samu zana.
In tafiyar ƙafa ce, mai gangar zan ɗauka.
Ba ta kai gwangwanin madara biyu nauyi ba.

Ta fara rubutawa a bayan littafin tsuntsaye.
Na dafa hannunta.

Ita wannan ɗin ce a ƙuguna
wani dare a bakin ruwa, bayan Ikorodu.
An ce mana ɓarayin mai na tafe da kwalekwale.
Sauro ya gama da mu, ido ya yi jajir.
Ciyawa ta motsa.
Ban ce wane ne ba, Lantana.
Ban ce tsaya ba.
Yatsa ya riga baki.

Ƙarar ma ba ta kai fashewar kwalba ba.

Masunci ne, ya zo duba komarsa.
Bai mutu ba, Allah ya rufa asiri,
amma hannun dama ya shanye.
Bara na gan shi a kasuwar kifi,
da hagu yake karɓar kuɗi,
da haƙori yake ƙulle leda.
Bai gane ni ba. Na sayi tarwaɗa biyu
da ban iya ci ba.

Kin ce ki ɗaura ki manta da ita.
Ni ma haka na ce.
Wadda ba a jin nauyinta a ƙugu
ita ta fi saurin zuwa hannu.

Janareto ya yi shiru. Muka ji kwaɗi a kwata.

Na tashi na lalubo akwatin ƙarfe,
na ciro usur ɗina na tagulla,
har yanzu da shatin haƙorana a jikinsa.
Na haɗa da tocila, da addar da na wasa jiya.
Na ce, maciji na jin takun mutum, ki taka da ƙarfi.
Kada ki kafa tanti inda kika ga sawun kada.
In kun isa ƙauye, ku fara gaida Baale,
ki durƙusa yadda uwar ɗakinki Iya Risi ta koya miki,
su suka san inda ƙasa ke haɗiye ƙafa.

Ta rataya usur a wuya, ta ɗaga jakar ta jijjiga.
Ta ce, "Har yanzu da nauyi."

Na ce, rage garin kwakin.